Me ya sa ihu yake tsinka zuciya?

Tambaya: Ina so a bayyana mini dalilin da ya sa ihun mutum yake da ban tsoro. Motoci na ƙara, injuna na ƙara, wasu ma sun fi ihu ƙarfi nesa ba kusa ba, amma ba sa faɗar mini da gaba. Da zarar kuwa wani ya ƙwalla ƙara, ko da a fim ne, sai in ji tsikar jikina ta tashi tun ban san abin da ya faru ba. Ƙarfin sautin ne, ko akwai wani abu daban?

Amsa: Ɗan'uwa, ka riga ka ɗauke mini rabin aiki, tunda ka lura da kanka cewa akwai abubuwan da suka fi ihu ƙara amma ba sa kaɗa maka hanta. Ƙarfi yana da nasa kason, tsinin murya ma haka, kuma zan zo kansu. Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ya ware ihu daga sauran sautuka wata siffa ce da masu nazarin sauti suke kira kaushi, kuma da ita ya kamata mu fara.

Ka ɗora yatsa a ƙarƙashin haɓarka ka karanta wannan layin a fili. Za ka ji haɓar tana sauka tana hawa da kowace gaɓar kalma. Duk lokacin da baki ya buɗe sauti yakan ƙaru, in ya rufe ya ragu. A maganar yau da kullum wannan hawa da sauka yana faruwa kamar sau 4 zuwa 5 a sakan guda, kuma harsunan duniya ba su yi nisa da juna a kan wannan ba. Kunne yana bin sa daki-daki, ƙwaƙwalwa tana tsinto kalmomi daga ciki. Shi kuwa ihu, ƙarfinsa yana rawa sau 30 zuwa 150 a sakan. Wannan saurin ya fi ƙarfin kunne ya ƙirga ɗaya bayan ɗaya, amma kuma bai kai yadda zai narke ya zama amo guda mai santsi ba. Ya maƙale a tsakani. Ka ɗauki matajin kai ka ja farcenka a kan haƙoransa. In ka ja a hankali, za ka ji kowane haƙori yana nasa ƙas, ƙas, ƙas. In ka ja da sauri, ƙas-ƙas ɗin sai ya ɓace, ka ji wani gurzajjen sauti mai kartar kunne. Wannan gurzuwar ita ce kaushin da nake nufi.

Waɗanda suka fito da wannan fili su ne Luc Arnal da David Poeppel da abokan aikinsu, a binciken da suka buga a 2015 daga Jami'ar New York a Amurka. Sun tattara ihu iri-iri, wasu daga finafinai da bidiyoyin intanet, wasu kuma sun sa mutane sun kwarma a ɗakin ɗaukar murya. Da suka auna, sai suka ga magana tana zaune a nata yanki, ihu kuma ya mamaye wani yankin da magana ba ta cika taka shi ba. Ni a ganina wannan shi ne mafi daɗin abin da suka gano. Da a ce hirarmu ta kullum cike take da kaushi, da ihu ba zai yi wani tasiri ba, don kunne ya gama sabawa. Amma da yake filin a share yake, duk abin da ya faɗo cikinsa sai an juyo.

Ba su tsaya nan ba. Sun ɗauki sautin da babu ruwansa da tsoro suka ƙara masa kaushi da kwamfuta, masu sauraro suka ce ya fi ban tsoro. Suka ɗauki ihu na gaske suka goge masa kaushin, tsoronsa ya ragu. Suka auna jiniya da ƙararrawar gargaɗi irin ta gidaje da motoci, sai ga su a cikin yanki guda da ihu, alhali yawancin kayan kiɗa ba sa ciki. Masu ƙera waɗannan na'urori ba su jira wani masani ya gaya musu ba. Gwaji suka yi ta yi har suka dace da sautin da ba ya barin mutum ya zauna, ashe ihun ɗan Adam suke kwaikwayo. Shi kansa kaushin ba sabon abu ba ne a ilimin sauti. Tun a 1863 Bajamushe Hermann von Helmholtz ya bayyana cewa in amo biyu masu kusanci suka haɗu suna dukan juna, abin ya fi yi wa kunne zafi idan dukan ya kai wajen sau 30 da 'yan kai a sakan. Shi kiɗa ne ya dame shi, amma lissafinsa ya faɗo daidai bakin iyakar ihu.

To daga ina kaushin yake fitowa? Daga maƙogwaro. A cikin maƙoshi akwai wasu 'yan tantanai biyu da iska daga huhu take kaɗawa. In kana magana cikin natsuwa suna buɗewa suna rufewa a tare, cikin tsari, kamar sau 100 zuwa 120 a sakan ga babban namiji, sau 200 da wani abu ga mace. Idan tsoro ko azaba ta kama mutum, tsokokin maƙogwaro sukan ɗaure, huhu ya turo iska da ƙarfin da ya wuce kima. Tantanan sai su kasa riƙe tsarinsu. Wani lokaci na dama da na hagu su daina tafiya tare, kowanne ya kama nasa gudun. Wani lokaci murya ta yi tsalle daga wani mataki zuwa wani ba zato. Wani lokaci kuma kaɗawar ta hargitse gaba ɗaya, sai hayaniya. Shi ya sa ihu yake fashewa, yake dusashewa a tsakiya, yake sa maƙogwaro zafi bayan an gama. Murya ce da aka tura ta wuce iyakarta, kuma mai sauraro yana jin hakan ko bai san sunansa ba: ga wani jiki can da abu ya kai masa maƙura.

Wannan hargitsin yana da wata fa'ida ta daban, wato hana sabo. Ƙwaƙwalwa gwana ce wajen watsar da duk sautin da ta iya hasashensa. Shi ya sa ba ka jin fanka ko firiji sai sun tsaya, kuma shi ne babban dalilin da injunan da ka ambata ba sa damun ka: ƙararsu ɗaya ce daga farko har ƙarshe, an ji an gane, an ajiye. Ihu ba ya ba da wannan damar, don ba ka san inda zai karkata a rabin sakan mai zuwa ba. An gwada haka a kan wasu 'yan dabbobi dangin tunku da ke zaune rukuni-rukuni a hamadar Kalahari. Da aka yi ta maimaita musu kukan gargaɗi, sun fi saurin sabawa da mai santsi, mai hargitsin kuwa ya ci gaba da ɗaga musu kai. Daniel Blumstein na Jami'ar Kalifoniya a Los Angeles ya ga makamancin haka a wata dabba mai kama da ƙaton kurege da ke duwatsun Kolorado: 'ya'yanta kan tsandara ihu in an kama su, kuma manya sukan bar kiwo su tsaya cak idan sun ji kira mai irin wannan hargitsi.

Abin ma ya ƙetare jinsi. A 2014 Susan Lingle da Tobias Riede sun buga sakamakon wani gwaji da aka yi a filayen Kanada, inda aka ɓoye lasifika aka kunna wa iyayen barewa kukan neman ceto na jarirai iri-iri, har da ɗan kyanwa da jaririn mutum. Muddin tsinin kukan ya faɗo kusa da na ɗan barewa, uwar takan nufo lasifikar a guje. Ba ta taɓa shayar da kyanwa ba, amma kukan ya yi mata magana. Wannan ya nuna maka cewa tsarin ya girmi harshe, ya girmi ɗan Adam ma. Kayan gado ne na dabbobi masu shayarwa.

Yanzu mu koma kan ƙarfi da tsini, tunda na yi alkawari. Ramin kunnen babba tsawonsa kamar santimita 2.5 ne, a toshe a ƙarshe da dodon kunne. Bututu mai wannan tsawo yakan ƙara wa wasu sautuka ƙarfi da kansa, musamman masu kaɗawa sau 2,000 zuwa 4,000 a sakan. A nan jin ɗan Adam ya fi kaifi. Shi kuma ihu yana ɗaga murya sama, ta mata da yara takan haura kaɗawa 1,000 a sakan, ta tara ƙarfinta a daidai wannan wurin da ji ya fi kaifi. A 2012 Sukhbinder Kumar da abokansa a Jami'ar Newcastle ta Ingila sun kunna wa mutane sautuka 74 suka ce su jera su gwargwadon muni. Waɗanda aka fi ƙi, irin kartar wuƙa a jikin kwalba, sun taru ne tsakanin kaɗawa 2,500 da 5,500 a sakan. Game da ƙarfi kuwa, a ma'aunin ƙarfin sauti da ake kira desibel, hira takan kai 60, ihu a kusa yakan kai 100 ko fiye. Kowane ƙarin desibel 10 kunne yana jin sa kamar ninki biyu, ka ga ke nan ihun ya ninka hira wajen sau 16 a ji. Duk da haka ka riƙe wannan: ihun da ya taso daga nesa, wanda da ƙyar ya iso, yana iya sandarar da kai, tsawar injin da ke gefenka kuwa ba ta yi ba. Nisa yana rage ƙarfi, ba ya goge kaushi.

Sai batun da ka ce jikinka yana amsawa tun ba ka san abin da ya faru ba. Ba ruɗu ba ne, haka wayoyin suke a haɗe. Matakin farko ma bai kai ga tunani ba. Duk sautin da ya faɗo kwatsam da ƙarfi yakan bi wata gajeriyar hanya a gindin ƙwaƙwalwa, daga jijiyar ji kai tsaye zuwa jijiyoyin da ke motsa tsoka. Cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na sakan ba ido ya ƙifta, kafaɗu sun ɗago, wuya ya noƙe. Wannan ita ce zabura, kuma faɗuwar faranti ma tana jawo ta. Bambancin shi ne zaburar faranti takan wuce nan take, a yi tsaki a ci gaba da harka. Ta ihu ba ta wucewa, saboda mataki na biyu.

Can cikin ƙwaƙwalwa, a kowane ɓangare, akwai wani ɗan curin jijiyoyi da ake kira amigdala. Aikinsa shi ne tantance abin da ya cancanci a bar komai a kula da shi. Joseph LeDoux, wanda ya shafe shekaru tun daga 1980 da wani abu yana nazarin wannan a kan ɓeraye, ya nuna cewa saƙon sauti yana iya isa amigdala ta hanya biyu: gajeriya mai kawo labari a gurguje ba cikakke ba, da doguwa mai bi ta saman ƙwaƙwalwa inda ake tantance ko mene ne. A binciken 2015 da na ambata, da aka sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, an ga amigdala tana ƙara motsi gwargwadon yadda kaushin sauti ya ƙaru. Arnal ya sake bibiyar abin a Jami'ar Janiba a 2019, har da masu farfaɗiya waɗanda aka riga aka sanya musu wayoyin awo cikin kai don magani, ya ga cewa sautin da ke bugawa sau 40 zuwa 80 a sakan ya fi kowanne takura, kuma yana jan sassan ƙwaƙwalwa masu nisa da juna su kama bugawa tare da shi. Da amigdala ta tashi sai ta aika wa jiki: sinadarin adirenalin mai zaburar da jiki ya zubo cikin jini, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya sauya, jini ya janye daga hanji ya nufi manyan tsokoki. Wannan janyewar tana cikin abin da kake ji kamar cikinka ya zube. 'Yan tsokokin da ke gindin kowane gashi su ma su ɗaure, tsikar jiki ta tashi.

A nan zan ɗan ja birki, don an cika kiran amigdala gidan tsoro, kuma wannan taƙaitawa ce da ta wuce gona da iri. Tana motsawa kan abin farin ciki ma in ya isa a kula da shi. LeDoux da kansa ya daɗe yana jan kunne cewa shirin kare kai da jiki yake yi daban, jin tsoro a zuci daban; na farkon ya riga na biyun. Da farko jiki ya ɗauki mataki, daga baya kai kuma ka duba kanka ka ga zuciya na dukan uku-uku, ka ce na tsorata.

Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba: ihu yana nuna wuri. A gwajin New York masu sauraro sun fi saurin gane ko daga dama sauti ya zo ko daga hagu, kuma sun fi dacewa, idan yana da kaushi. Ka haɗa wannan da yanayin kunne shi kansa. Ba shi da murfi irin na ido, yana aiki cikin duhu, yana ji ta bayan bango da bayan ƙeya, ko barci kake bai rufe gaba ɗaya ba. Ga wanda ke cikin haɗari babu hanyar kiran taimako da ta kai wannan. Ga mai ji kuma lissafin mai sauƙi ne: in ka zabura sau ɗari a banza, asararka 'yan bugun zuciya ne, in ka ƙi zabura sau ɗaya a inda ya kamata, mai yiwuwa babu na biyu. Tsarin da aka gina kan wannan lissafi dole ya riƙa yawan kuskure ta wajen firgita.

Amma ni abin da na fi ɗora wa alhakin tsoron shi ne ƙarancin bayanin da ke cikin ihu. Yana gaya maka abu uku: wani abu babba ya faru, yanzu ne, kuma ga wajen. Bai gaya maka ko wuta ce, ko maciji, ko faɗuwa, ko ɓarawo ba. Bai ce ka zo ko ka gudu ba. Jiki ya gama shiri, tunani kuwa hannunsa wayam, sai ya shiga cike gurbin da mafi munin abin da ya sani. Shi ya sa ihun da ba ka ga mai yin sa ba ya fi na wanda ke gabanka tsinka zuciya, kuma ihun da aka katse a tsakiya ya fi duka. Abin da mutum ya taɓa gani a rayuwa yana shiga nan sosai. Ma'aikaciyar ɗakin haihuwa da wanda ya tsira daga mummunan hatsari kunnensu iri ɗaya ne, amma abin da kowannensu zai cike gurbin da shi ba ɗaya ba ne. Wanda zaburarsa ta yi yawa bayan wani tashin hankali, har tana hana shi barci ko shiga mutane, wannan ya wuce abin da muke bayani a nan, kuma likitocin ƙwaƙwalwa suna da hanyoyin taimaka masa.

Kada kuma a ɗauka kowane ihu na tsoro ne. Sascha Frühholz da abokansa a Jami'ar Zurich sun ware iri shida a 2021: na azaba, na fushi, na tsoro, na baƙin ciki, na jin daɗi da na murna. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne masu sauraronsu sun fi saurin gane ihun murna da na jin daɗi fiye da na gargaɗi. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin ya rushe bayanin kaushi, ni ban ga haka ba. Tambayar da aka yi wa mutanen ita ce wane irin ihu ne wannan, kuma sanya wa abu suna aiki ne daban da juyowa gare shi. Ihun gargaɗi bai damu ka rarrabe ko azaba ce ko fushi ba, buƙatarsa ka ɗago kai. Ta wani gefen kuma, Harold Gouzoules na Jami'ar Emory, wanda ya fara da nazarin ihun birai tun shekarun 1980 kafin ya dawo kan mutane, ya gano tare da ɗalibansa cewa in aka cire ihun murna daga muhallinsa aka kunna shi zalla, mutane da yawa sukan ce na tsoro ne. Ka tuna yara suna guje-guje a filin wasa: in kana kallonsu sai murmushi, in ta bayan katanga ka jiyo su sai ka miƙe zumbur.

Saura fim. Sanin cewa wasa ne yana zaune a doguwar hanyar nan mai bi ta saman ƙwaƙwalwa, kuma kafin ya iso jiki ya riga ya amsa. Iyakar abin da zai yi shi ne ya kwantar da kai da wuri. Sannan ɗan wasa ba shi da dabarar yin ihu da rabin murya, dole ya tura maƙogwaronsa ya wuce iyaka kamar mai tsoron gaske, don haka kaushin da ke fitowa na gaske ne ko da tsoron na ƙarya ne. Rukunin Gouzoules sun gwada wannan a 2019, suka cakuɗa ihun 'yan wasa da na mutanen da abu ya same su da gaske, masu sauraro suka kasa rabewa fiye da yadda mai canki-canka zai yi. Masu haɗa sautin finafinai kuma sun ƙara gishiri. Blumstein ya bincika sautin finafinai sama da 100 a 2010, ya ga na ban tsoro sun fi yawan ihu mai hargitsi. A 2020 Caitlyn Trevor tare da Arnal da Frühholz suka auna kiɗan da ake sakawa a daidai lokacin da abin tsoro ya faɗo, suka same shi da kaushi irin na ihu, ko da babu bakin mutum a ciki. Sau da yawa kayan kiɗa masu tsirkiya ne kawai ake gurzawa da ƙarfi a can saman amonsu, har sai sautin ya fara tsagewa.